Sarki Asa: yaya za a ce ya yi aminci dukan kwanakinsa bayan abin da ya aikata a ƙarshe?

Maman_Godiya:
Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka. Akwai tambayar da ta tsaya mini a rai tun da muka karanta labarin Sarki Asa a zumuntar mata, 2 Tarihi sura 14 zuwa 16. Mutumin nan shekara 41 ya yi yana sarautar Yahuza. Ya rurrushe bagadan gumaka, ya tuɓe kakarsa Ma'aka daga matsayin uwar sarki saboda gunkin da ta yi, ya sare gunkin ya ƙone a rafin Kidron. Da Zera Bakushe ya taso masa da mayaƙa miliyan ɗaya da karusai 300, Allah kaɗai ya kira. To amma ku duba sura 16. Ya kwashi azurfa da zinariya daga Haikali ya aika wa Ben-hadad sarkin Suriya, ya jefa annabi Hanani a kurkuku, da ciwon ƙafa ya kwantar da shi kuma bai nemi Ubangiji ba. Duk da haka 15:17 ta ce zuciyarsa tana tare da Ubangiji dukan kwanakinsa. Dukan kwanakinsa fa! Yaya za a haɗa biyun nan? Ba neman gardama nake yi ba, kaina na gani a ciki. Lokacin da ba mu da komai, ko kuɗin makarantar yara sai da gwiwa a ƙasa muke samu. Yanzu da Allah ya buɗa mana, in damuwa ta taso sai in ga hannuna ya riga ya kai kan waya, ina laluben wa na sani a wane ofis.

Dauda_Mai_Jita:
Mama, ni dai abin a fili yake. Ya fara da kyau, ya gama da muni. Ayar nan ta 15:17 an faɗe ta kafin a shiga sura 16, saboda haka rabin farko na rayuwarsa take nufi. Darasin shi ne a yi hattara da ƙarshe.

Dattijo_Ayuba:
Dauda ɗana, ba haka ba ne. Da a ce marubucin bai san ƙarshen Asa ba sai mu ce haka, amma wanda ya rubuta sura 15 shi ya rubuta 16. Kuma je ka 1 Sarakuna 15:14, za ka tarar da hukuncin nan ɗaya. Ka ƙara gaba zuwa 2 Tarihi 20:32, inda ake yabon Yehoshafat da cewa ya bi hanyar tsohonsa Asa, ya yi abin da yake daidai. Har wasiƙar da Iliya ya aika wa Yehoram a 21:12, laifin da aka kama shi da shi shi ne bai bi hanyoyin Yehoshafat da na Asa ba. Wato bayan Asa ya mutu an binne shi, shi ne ma'aunin da ake auna jikansa da shi. Abin da na fahimta shi ne, Asa bai taɓa durƙusa wa wani allah ba. Sulemanu da duk hikimarsa ya gina wa gumakan matansa masujadai da ya tsufa. Asa bai yi wannan ba. Ya yi rashin dogara, ya yi fushi, ya yi zalunci, amma bai sauya Ubangiji da Ba'al ba.

Dauda_Mai_Jita:
Baba, na ji. Amma mutumin da ya ɗaure annabi saboda ya faɗa masa gaskiya, a ce masa mai aminci? Ni wannan ya yi mini nauyi.

Tsohon_Soja:
Bari in shigo ta wata ƙofa, domin ina ganin ana saurin yanke wa Asa hukunci. Ku san inda Rama take. Kilomita 8 ne kacal arewa da Urushalima, a kan babbar hanyar da ta bi ta kan tuddai. Ba'asha sarkin Isra'ila yana gina ta ne don kada kowa ya shiga wurin Asa ko ya fita. Duk wanda ya taɓa zama a garin da aka tare wa hanya ya san abin da ke biyo baya, abinci ya yi tsada, 'yan kasuwa su daina zuwa, tsoro ya cika gari. Me Asa ya yi? Ya sa Ben-hadad ya kai hari ta arewa, ya bugi Iyon da Dan da garuruwan ajiya na Naftali, dole Ba'asha ya bar aikin ya koma kare gida. Asa ya tara mutanen Yahuza duka, ba a ɗauke wa kowa ba, suka kwashe duwatsu da katakon Rama suka gina Geba da Mizfa. Bai rasa soja ko ɗaya a wannan ba. A fagen dabarun yaƙi wannan gwaninta ce. Ni tambayata ita ce, in 'yan bindiga suka tare hanyar ƙauyenku, ba za ku kira jami'an tsaro ba? Ko kiran nasu rashin bangaskiya ne?

Malamar_Lahadi:
Baba Soja, tambayarka ta tuna mini Ezra da Nehemiya. Ezra ya ji kunyar roƙon sarkin Farisa ya ba shi sojoji su raka shi, domin ya riga ya gaya wa sarkin cewa hannun Allah yana kan masu nemansa, sai suka yi azumi a bakin kogin Ahawa suka kama hanya (Ezra 8:21-23). Nehemiya kuwa da shugabannin soja da mahayan dawakai ya tafi (Nehemiya 2:9). Ba a tsawata wa ko ɗayansu ba. Ke nan karɓar taimakon mutum ba shi ne zunubin ba.

Baba_Fasto:
Malama ta faɗi gaskiya, kuma Baba Soja, a kira jami'an tsaro, a yi addu'a kuma. Amma mu duba abin da Asa ya yi da kyau, domin ba kiran taimako kawai ba ne.

Kuɗin da ya biya da shi, daga ina? A 15:18 shi da kansa ya kawo azurfa da zinariya da kwanoni cikin ɗakin Allah, waɗanda shi da tsohonsa suka keɓe. A 16:2 shi da kansa ya fitar da azurfa da zinariya daga baitulmalin ɗakin nan. Abin da ya ba Allah a ranar godiya, ya koma ya ɗauka a ranar tsoro.

Sa'an nan me ya saya da kuɗin? Karanta saƙonsa a aya ta 3. Cewa ya yi wa Ben-hadad, je ka ka karya alkawarin da ke tsakaninka da Ba'asha. Mutumin da ya jagoranci al'umma duka suka yi wa Allah rantsuwa da ƙaho da sowa, yau shi ne yake biyan wani ya ci amana. Kuma garuruwan da aka buga, Dan da Iyon, ba na baƙi ba ne, zuriyar Yakubu ne ke zaune a ciki. Baba Soja ya ce Asa bai rasa soja ba. Haka ne, amma akwai uwayen da suka yi kuka a Naftali saboda zinariyar Haikali.

Abin da ya fi tsorata ni a labarin nan shi ne dabarar ta yi aiki. Da ta wargaje, wataƙila da ya ruga wurin Allah. Amma ga Ba'asha ya janye, ga garuruwa biyu sababbi, ga mutane suna yabon sarki. Da wa zai yarda cewa ya yi kuskure? Sau da yawa a hidimata na ga wanda asara ta komo da shi ga Ubangiji. Wanda ya bi karkatacciyar hanya ta kuma kai shi inda yake so, shi ne mai wuyar komowa.

Tsohon_Soja:
Baba Fasto, batun karya alkawarin nan ban taɓa lura da shi ba. Na karɓa. Amma har yanzu ina tausaya masa, wanda bai taɓa ɗaukar nauyin rayukan mutane ba ba zai san irin daren da sarki yake kwana ba.

Nas_Rahila:
Ku yi mini haƙuri in karkata kaɗan zuwa 16:12, batun masu magani, domin wannan ayar tana cutar da mutane idan aka yi wa'azinta da ganganci. A wurin aikina an taɓa kawo mana wata baiwar Allah mai ciwon sukari. Wani mai wa'azi ya gaya mata cewa Asa ya mutu ne don ya je wurin likita, sai ta ajiye maganinta ta koma shafa mai kawai. Ƙaramin rauni ne a ɗan yatsan ƙafa da farko. Ranar da 'ya'yanta suka ɗauko ta, da muka kwance tsumman da aka naɗe ƙafar da shi, yatsu biyu sun riga sun yi baƙi, ɗakin duka ya ɗauki wari. Tana riƙe da hannuna tana tambayata ko Allah zai yi fushi da ita don ta zo. Ban manta da fuskarta ba. Don Allah masu hawa bagade ku riƙa faɗin ayar yadda take. Ba a ce laifi ne ya nemi masu magani ba, cewa aka yi ko a cikin ciwon bai nemi Ubangiji ba.

Malamar_Lahadi:
Allah ya saka miki, 'yar'uwa. Ishaya da bakinsa ya ce a ɗora curin ɓaure a kan marurun Hezekiya (2 Sarakuna 20:7), bayan Allah ya riga ya ce zai warkar da shi. Bulus kuma ya kira Luka ƙaunataccen likita. Hezekiya ya juya fuskarsa ga bango ya yi kuka ga Allah, ya kuma karɓi magani. Asa ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya.

Saratu_Kaduna:
Amin. Mahaifiyata tana shan maganin hawan jini kullum da safe, sai ta yi addu'a a kansa kafin ta haɗiye.

Ɗalibin_Tauhidi:
Iyayena da yayyena, akwai abin da zai iya sauya yadda muke kallon labarin. Duk muna magana kamar Asa ya faɗi ne da tsufa, domin 16:1 ta ce a shekara ta 36. Amma 1 Sarakuna 15:33 ta ce Ba'asha ya hau sarauta a shekara ta 3 ta Asa, ya yi shekara 24, sa'an nan 1 Sarakuna 16:8 ta ce ɗansa Ila ya gaje shi a shekara ta 26 ta Asa. Ke nan a shekara ta 36 Ba'asha ya yi shekara goma a kabari. Ɗaya daga cikin bayanan da masana suke bayarwa shi ne an ƙirga 36 ɗin ne daga rabuwar mulkin bayan Sulemanu. Rehobowam ya yi 17, Abaija ya yi 3, jimla 20. A cire 20 daga 36, saura 16. Babban taron alkawarin nan kuwa, inda aka yanka shanu 700 da tumaki 7,000, a wata na uku na shekara ta 15 aka yi shi. In wannan lissafin ne daidai, to shekara guda ce kawai tsakanin rantsuwar da zinariyar da aka aika wa Ben-hadad a Dimashƙu. Har ma ya bayyana dalilin Ba'asha, domin 15:9 ta ce mutane da yawa daga Ifraimu da Manassa da Saminu suna ta ƙaura zuwa wurin Asa, shi ya sa ya tare hanya. Wasu masanan kuma suna ganin masu kwafe littafin ne suka sami tuntuɓe a lambar.

Mai_Bishara_Ƙauye:
Ɗana, irin wannan lissafin a bar shi a aji. Akwai sababbin tuba a nan, kada a sa musu shakka a kan Maganar Allah.

Ɗalibin_Tauhidi:
Baba, da girmamawa, duk wanda ya karanta littattafan biyu zai ci karo da shi. Gara ya ji daga bakinmu da bayani.

Dattijo_Ayuba:
Ku bar yaron, ya kawo abu mai amfani. Ni kam ya girgiza ni. In da tsufa ne, sai matasa su ce da sauran lokaci. In kuwa shekara guda ce bayan farkawa mafi girma a zamaninsa, to ba wanda ya tsira. Na sha ganin haka. A gama babban taron shekara, mutane su yi kuka a gaban bagade, kafin damina ta zagayo a kama wani shugaba da taɓa kuɗin ginin majami'a, yana cewa aro ya yi don wata larura. Ko wane lissafi muka bi, Hanani bai ce masa ka tsufa ba. Tuna masa ya yi da Kushawa da Libiyawa, da yawan karusansu, da yadda Allah ya bashe su a hannunsa don ya dogara gare shi. Mantuwa ce cutar. Mutumin da ya tsaya a kwarin Zefata kusa da Maresha da mutum 580,000 a gaban miliyan, ya ce ya Ubangiji a gare ka muke dogara, shi ne ya razana da maƙwabcinsa Ba'asha.

Maman_Godiya:
Baba Ayuba, wannan ita ce damuwata daidai. Babbar matsala takan kai ni ga addu'a domin na san ta fi ƙarfina. Matsakaiciyar ce take kayar da ni, wadda nake ganin ina da kuɗinta, ina da mutumin da zai warware ta.

Hannatu_Mai_Ɗinki:
Ni wurin Ma'aka na tsaya. Ana saurin wuce shi, amma wanda ya taɓa cewa a'a ga tsohuwar gidansu ya san ba wasa ba ne. Da na haifi ɗana na fari, kakar maigidana ta zo da wani abu a ƙunshe cikin fata, ta ce a ɗaura wa yaron a ƙugu saboda mayu. Tsohuwar nan ita ta yi mini wankan jego, ita take tashi da dare in yaron ya yi kuka. Na rasa bakin da zan ƙi. Maigidana ne ya durƙusa a gabanta ya ce, Kaka, mun riga mun miƙa yaron nan ga Yesu, ki yi mana haƙuri. Ta daɗe ba ta cin abincin da na dafa. Saboda haka in aka ce mini Asa ba mai aminci ba ne, sai in tuna ya yi abin da mutane da yawa ba za su iya ba. Kuma ku lura, matsayin ya karɓe, gunkin ya ƙone, ba a ce ya wulaƙanta tsohuwar ko ya kore ta daga gida ba.

Saratu_Kaduna:
Yaya Hannatu, sannu. Irin wannan ne ya sa nake ganin Allah yana duban rayuwa gaba ɗaya, ba sura ɗaya ba.

Dauda_Mai_Jita:
To ai nan ne nake jin tsoro, Anti Saratu. In muka ce ana duban jimla, sai mutum ya ce na tara aikin kirki na shekaru, ɗan abin da zan yi yanzu ba zai ɓata ba. Azariya ɗan Oded ya faɗa wa Asa ƙiri-ƙiri a 15:2, Ubangiji yana tare da ku muddin kuna tare da shi, in kun rabu da shi zai rabu da ku. Bai ce akwai ajiya ba.

Baba_Fasto:
Dauda, riƙe wannan tsoron, yana da amfani. Amma ka bambanta abu biyu. Asa bai tsira daga sakamako ba. An gaya masa rundunar Suriya ta kuɓuce masa, an gaya masa daga yanzu yaƙe-yaƙe ne. Hanyar da ya bi kuma ba ta rufu ba, daga baya Sarki Yowash ya aika wa Hazayel sarkin Suriya kayan Haikali, Sarki Ahaz ya aika wa sarkin Assuriya azurfa da zinariyar ɗakin Ubangiji. Abin da bai rasa ba shi ne sunansa a cikin na Allah, har Matiyu ya lissafa shi cikin kakannin Almasihu.

Ni a wurina, inda ya yi asara mafi girma ba Dimashƙu ba ne, ranar da Hanani ya shigo fada ne. Dawuda ya yi abin da ya fi na Asa muni nesa ba kusa ba, amma da Natan ya nuna shi da yatsa sai ya ce na yi wa Ubangiji zunubi. Asa an kawo masa ɗaya daga cikin kalmomi mafi daɗi a Tsohon Alkawari, cewa idanun Ubangiji suna kai da kawowa a duniya duka don ya ƙarfafa waɗanda zuciyarsu take gare shi ɗungum. Wannan ai gayyata ce a cikin tsautawa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Shi kuwa ya husata ya sa aka kulle mutumin.

Malamar_Lahadi:
Kuma abin da yake ba ni mamaki, ɗan Hanani ɗin nan, Yehu, shi ne ya tari ɗan Asa, Yehoshafat, da ya dawo daga yaƙin da ya taya Ahab, ya tsawata masa (19:2). Yaron da ya san an ɗaure tsohonsa saboda irin wannan magana, ya sake zuwa gaban sarki da ita. Yehoshafat kuwa bai taɓa shi ba, fita ya yi cikin jama'a daga Biyersheba har ƙasar tuddai ta Ifraimu yana komo da su ga Ubangiji, ya naɗa alƙalai.

Mai_Bishara_Ƙauye:
Wannan ya shafe mu masu hidima fiye da kowa. Yau in ƙaramin memba ya zo ya ce Baba abin nan da ka yi bai dace ba, mu ba mu da kurkuku, amma muna da hanyoyinmu. A cire shi daga kwamiti, a daina gaishe shi da fara'a, a yi wa'azi a kansa ranar Lahadi ba tare da kiran suna ba. Allah ya yi mana jinƙai.

Nas_Rahila:
Akwai rabin aya da ba wanda ya taɓa. Ƙarshen 16:10 ya ce a lokacin nan Asa ya zalunci waɗansu daga cikin jama'a. Ba Hanani kaɗai ya sha ba. Su wa ke nan, ba a faɗi sunansu ba, amma suna da gidaje da 'ya'ya. In muna maganar amincin shugaba ga Allah, mu riƙa tuna waɗanda suke ƙarƙashinsa ranar da ya ƙi jin magana.

Tsohon_Soja:
Gaskiya ne 'yata. Duk da haka mutanen nan ne suka yi masa jana'izar girma, suka kwantar da shi a gadon da aka cika da kayan ƙanshi, suka hura babbar wuta don girmama shi. Jikansa Yehoram da ya mutu ba a yi masa wannan ba, an ce ya tafi ba wanda ya yi baƙin ciki. Jama'a sun san bambanci.

Maman_Godiya:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara fahimta. Bayanin Baba Ayuba cewa bai taɓa bin wani allah ba ya kwantar mini da rabin tambayar. Sauran rabin yana nan. Daga shekara ta 39 zuwa ta 41 yana kwance da ƙafa, lokaci mai tsawo haka, mutumin da ya san yadda ake kiran Allah a ji shi. Me ya hana shi buɗe baki? Kunya ce, ko fushin Hanani ne bai huce ba?

Dattijo_Ayuba:
Ni ina zaton kunya ce da ta daskare ta zama taurin kai. Wanda ya ɗaure manzo yakan ji nauyin zuwa gaban wanda ya aiko shi.

Dauda_Mai_Jita:
Ni kuma ina ganin sabo ne kawai, Baba. Ya saba warware abubuwa da kuɗi da mutane, da ciwo ya zo sai ya yi abin da ya saba. Ba lallai sai da fushi ba. Baba Fasto, a nazarin ranar Laraba don Allah a ɗauki Yehoshafat sura 20, ina so in ga yadda ɗan ya yi da nasa tsoron da Mowabawa da Ammonawa suka taso masa.